Wa Ya Ce Malamin Kirki Ba Ya Karɓar Muƙami?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida sai ɗaya daga cikinmu ya ɗago kai daga wayarsa ya ce an ba wani malaminmu na jami'a muƙamin kwamishina. Mutum ne da uku daga cikinmu suka zauna a ajinsa, kuma babu wanda ya taɓa jin an ce ya karɓi sisin kwabo a hannun ɗalibi. Kafin in buɗe baki in ce Allah ya taya shi riƙo, sai babbanmu a majalisar ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, an saye Malam. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Na ce, "Haba Yaya, ko rantsuwar kama aiki fa bai yi ba." Ya ce, "Ƙanena, bar wannan maganar. Malamin kirki ba ya zuwa ƙofar gwamnati." Kowa ya gyaɗa kai, aka shiga wata hirar.

Maganar ta tsaya mini a rai har na kwanta, domin ban yarda da ita ba. Ra'ayina shi ne, mai ilimi mai tsoron Allah ya kamata ya karɓi muƙami idan an ba shi, kuma mu daina yanke masa hukunci ranar naɗi. Ranar da za a san ko an saye shi tana nan tafe, ita ce ranar da mutanensa, waɗanda suka kawo shi, za su yi ba daidai ba yana zaune a wurin. Abin da ya sa na tsaya a kan wannan ra'ayi shi ne rayuwar wani mutumin ƙasar Sin da ya rasu shekara 900 da 'yan kai da suka wuce, mai suna Su Shi.

Yadda ake zama ma'aikacin sarki a can

A ƙasar Sin ta da, hanyar da ta fi daraja wajen samun muƙami ita ce jarrabawa. An fara wannan tsari tun zamanin daular Sui, ba a soke shi ba sai 1905, wato ya yi kusan shekara 1,300 yana aiki. A zamanin daular Song, lokacin da Su Shi ya rayu, sukan rufe sunan mai rubuta jarrabawa, sannan a sa magatakarda ya kwafe amsarsa a wata takardar, don kada mai dubawa ya gane rubutun hannun ɗan abokinsa. Wanda ya ci, ba a tura shi mulkin garinsu, kuma duk bayan kamar shekara uku sai a canza masa wuri.

An haifi Su Shi a 1037 a Meishan, cikin yankin Sichuan. A 1057, yana da shekara ashirin, shi da ƙanensa Su Zhe suka ci babbar jarrabawar a Kaifeng, babban birnin daular. Shugaban masu dubawa a shekarar shi ne Ouyang Xiu, babban marubucin zamanin. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, amsar Su Shi ta burge shi ƙwarai, amma ya zaci ta almajirinsa ce, sai ya ba ta matsayi na biyu don gudun zargi. Ko a wannan kaɗai mutum zai ga irin kunyar da manya ke ji a lokacin.

Daga nan sai aiki. Da mahaifiyarsa ta rasu ya ajiye komai ya koma gida zaman makoki na wata 27 kamar yadda doka ta tilasta wa kowane ma'aikaci, haka kuma da mahaifinsa ya rasu a 1066. Da ya dawo fada a 1069 sai ya tarar gari ya rikice.

Bashin da aka ce don talaka ne

Sabon sarki, Shenzong, matashi ne mai son gyara, ya damƙa ragamar mulki a hannun wani malami mai kaifin basira da taurin kai, Wang Anshi. Cikin sababbin dokokinsa akwai ta bai wa manoma bashi lokacin shuka, su biya bayan girbi da ƙarin kashi 20 cikin ɗari. Manufar mai kyau ce, domin masu ba da bashi na ƙauye suna karɓar fiye da haka nesa ba kusa ba. Matsalar ta taso ne da aka fara auna ƙwazon ma'aikaci da yawan bashin da ya raba. Sai aka koma tilasta wa mutane karɓa, mai bukata da marar bukata, a haɗa gidaje su tsaya wa juna, in ɗaya ya kasa a kama maƙwabcinsa.

Su Shi ya rubuta wa sarki doguwar takarda yana sukar tsarin. Da ya ga zaman fada ba zai yiwu masa ba, bai tattara ya koma ƙauyensu ba, sai ya nemi a tura shi lardi. A 1071 ya tafi Hangzhou mataimakin gwamna, daga can Mizhou, inda ya tarar da fari da fara, iyaye suna yar da jarirai a bakin ganuwa saboda yunwa. Ya ware hatsi ya riƙa ba gidajen da suka yarda su riƙe su.

Wurin da nake so Yayanmu ya tsaya ya duba shi ne Xuzhou. A 1077, 'yan watanni da zuwansa gwamna, Rawayen Kogi ya ɓalle, ruwa ya zo ya kewaye ganuwar birnin. Masu kuɗi suka ɗaure kaya za su gudu. Ya tare su ya mayar da su, domin ya san in manya suka fice, talaka ba zai tsaya riƙe ganuwa ba. Ya taka da ƙafarsa cikin taɓo zuwa barikin sojojin sarki, waɗanda ba a ƙarƙashin umarninsa suke ba, ya roƙe su su fito aikin datse ruwa, suka fito. Ya kafa bukka a kan ganuwar ya tare a ciki tsawon makonni har ruwan ya janye. Birnin ya tsira.

To, da a ce shi ma ya ɗauki shawarar majalisarmu, ya ce malamin kirki ba ya zuwa ƙofar gwamnati, wa zai kasance a kan ganuwar nan? Kujerar gwamnan Xuzhou ba za ta zauna babu kowa ba. Wani ne zai hau ta, kuma mai yiwuwa shi ne zai fara ɗaure kaya.

"Ai a ƙarshe kurkuku ya sha"

Wannan ce hujjar farko da na san za a kawo mini, kuma gaskiya ce. A 1079 aka aiko aka kama shi a Huzhou, garin da aka mayar da shi bayan Xuzhou, aka kai shi Kaifeng, aka tsare shi fiye da kwana ɗari a hannun masu binciken ma'aikata. Laifinsa waƙoƙi ne. Suka baje rubuce-rubucensa suna bi baiti-baiti. A wata waƙar ya ambaci wani tsoho da ya yi wata uku bai ɗanɗana gishiri ba, a lokacin da gwamnati ta kama cinikin gishiri ta riƙe ita kaɗai. A wata kuma ya ce abin da 'ya'yan ƙauye suka ƙaru da shi daga bashin nan shi ne koyon karin harshen birni, don a can suke kashe kuɗin. Suka ce wannan zagin sarki ne, wasu har suna neman kansa.

An bar shi da rai, aka kore shi zuwa Huangzhou a bakin kogin Yangtze, da sunan muƙami amma babu ikon sa hannu a kan kowace takarda, albashi kuma kamar babu. Wani abokinsa ya nemo masa wani tsohon fili a gangaren gabashin garin, ya sare, ya nome da hannunsa don ciyar da iyali. Daga nan ya samo laƙabin da aka fi saninsa da shi har yau, Dongpo, ma'ana gangaren gabas.

Amma wanda ya ce wannan shi ne faɗuwarsa, ina ganin mizanin da yake awo da shi ne ba daidai ba. Idan muƙami hanyar tara dukiya ce da tsufa cikin kwanciyar hankali, lalle ya faɗi. Idan kuwa amana ce, to kurkukun nan ita ce shaidar cewa ba a saye shi ba. Kuma ko a Huangzhou, da ya ji talakawan yankin suna kashe jarirai, musamman mata, saboda ba su da abin riƙonsu, ya rubuta wa gwamnan Ezhou da ke ƙetaren kogi yana roƙonsa ya hana, sannan ya haɗa masu hali suka riƙa tara kuɗi ana saya wa masu jego shinkafa da tufafi. Shi ma ya sa nasa, alhali yana lissafin abin da zai ci gobe. Shekarun da ya yi yana aikin lardi su suka koya masa yadda ake tsara irin wannan, da wanda ake rubuta wa, da kalmar da za ta motsa shi. Malamin da bai taɓa zama a ofis ba zai yi wa'azi a kan kisan jarirai, kuma wa'azin yana da lada, amma da wuya ya san ta inda ake buɗe rumbun gwamnati.

Ranar da mutanensa suka hau mulki

Nan ne zuciyar maganata. Sukar abokin hamayya abu ne mai sauƙi, kowane ɗan adawa yana yi. A 1085 sarki Shenzong ya rasu, ɗansa yaro ne ƙarami, kakarsa ta riƙe mulki, ta dawo da ɓangaren da ke adawa da Wang Anshi ƙarƙashin Sima Guang, babban masanin tarihi. Aka kirawo Su Shi daga gudun hijira, cikin ɗan lokaci ya kai manyan muƙaman fada, har ya zama mai rubuta umarnin sarki. A yarenmu na yau, gwamnatinsu ta zo.

Sima Guang ya ƙudura sai ya rushe duk abin da Wang Anshi ya gina, mai kyau da marar kyau. Cikinsu akwai wata doka a kan aikin tilas. A tsohon tsari, gwamnati takan ɗora wa gidajen ƙauye masu ɗan hali aikinta kyauta, kamar tattara haraji ko rakiyar kayan gwamnati zuwa birni, in kaya ya salwanta a hanya su biya daga dukiyarsu. Gidaje da yawa sun talauce ta haka. Wang Anshi ya mayar da abin kuɗi, kowa ya biya wani abu, a ɗauki ma'aikata a biya su. Su Shi da farko yana cikin masu sukar wannan dokar ma. Amma shekarun da ya yi a larduna sun nuna masa cewa, duk da illolinta, ta fi tsohon tsarin sauƙi ga manomi.

Sai ya tashi ya yi jayayya da Sima Guang, shugaban ɓangarensa, mutumin da gwamnatinsa ta fito da shi daga gona ta mayar da shi fada. Ya ce a gyara dokar, kada a soke ta. Ba a saurare shi ba, kuma daga ranar ya samu maƙiya a gida da waje. Tsofaffin abokan gaba suna nan, sababbi sun ƙaru.

Hausawa na cewa in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ga mutumin da bakinsa ya ci, kuma idonsa bai hana shi faɗin gaskiya ba. Ya kuma yi abin da ya fi wannan wuya, wato ya yarda cewa a kan wannan batu abokin hamayyarsa ya fi shi gaskiya tun farko. Tun kafin haka, a 1084, a kan hanyarsa ta barin Huangzhou, ya biya ta Jinling ya gaida Wang Anshi wanda ya riga ya yi murabus, suka yi kwanaki suna hirar waƙa da karatu. Wannan shi ne gwajin da nake so a jira a yi wa malaminmu, da duk wani mai ilimi da aka kira gwamnati.

Da fada ta yi masa zafi sai ya sake neman lardi. A 1089 ya koma Hangzhou, wannan karon shi ne gwamna. Ya tarar da yunwa da annoba. Ya roƙi fada ta rage yawan shinkafar da ake kai mata daga yankin, ya buɗe wurin jinyar marasa lafiya da rarar kuɗin gwamnati, ya ƙara da zinariya daga aljihunsa. Tafkin Yamma, wanda birnin ke sha daga gare shi kuma manoma ke ban ruwa da shi, ciyawa da laka sun cinye kusan rabinsa. Ya ɗebi mutanen da yunwa ta kora daga gona aikin yashe shi ana biyansu, ya tara lakar ya yi hanya doguwa da ta ratsa tafkin, mai gada shida. Hanyar tana nan har gobe, da sunansa ake kiranta.

"Amma magabata sun guji ƙofar sarakuna"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma ba na raina ta. Su ma Sinawa suna da nasu gwarzon a wannan fanni, Tao Yuanming, wanda a shekarar 405 ya ajiye muƙamin hakimin Pengze bayan kwana tamanin da 'yan kai, don ba zai rusuna wa wani jami'in bincike saboda 'yar shinkafar albashi ba. Ya koma gona har ya mutu. Su Shi kansa yana ƙaunarsa matuƙa, a ƙarshen rayuwarsa ya zauna yana rubuta waƙoƙi a kan amsa-amon nasa. Sai dai bai bi sahunsa ba.

Mu ma a tarihinmu akwai irin wannan tsaka mai wuya. Wajen 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, ransa ya ɓaci, ya bar runduna da niyyar tafiya gabas. Da ya iso Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya tsaya ya rubuta musu littafi a kan haka, daga baya ya koma ya ɗauki nauyin mulkin yammacin daular. Ya ga ɓarnar da idonsa, ya ƙyamace ta, amma ya dawo.

Abin da na fahimta daga gargaɗin malamai shi ne, suna tsoron malamin da ke zarya ƙofar mai mulki don neman abin duniya, yana halatta masa abin da ya ga dama. Wannan tsoron yana kan hanya, kuma mun ga irinsu da yawa. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya ba, gara ya zauna a zaurensa, babu mai zarginsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wannan doka a kan kowa, har ya zama duk mutumin kirkin da ya amsa kira sai mun yi masa jana'iza tun yana raye. In muka yi haka, mu da kanmu muke share wa ɓarayi fili, sannan gobe mu zauna a majalisa muna kukan babu na Allah a gwamnati.

Inda zan ba masu suka gaskiyarsu

Ba ina cewa tsarin Sin aljanna ba ne. Mace ba ta shiga jarrabawar nan ko da ta fi kowa ilimi. Ɗan talaka yana da izinin shiga, amma shekarun haddar littattafai suna bukatar gidan da zai iya ciyar da mutum ba ya noma. Kuma jarrabawar ta fi auna iya tsara waƙa da sharhin tsofaffin littattafai. Wang Anshi ya nemi a cire waƙa a sa tambayoyin mulki da ma'anar littattafan, Su Shi ya tsaya kai da fata a bar ta yadda take. A nan ina ganin Wang Anshi ya fi shi hangen nesa. Harshen Su Shi ma yana da kaifi fiye da kima, ya yi wa mutane ba'a a inda shiru zai fi amfanar aikin da yake son yi.

Akwai kuma abin da ya samu wanda ba kowane mai faɗin gaskiya ke samu ba. Sarakunan Song sun shahara da ƙin zubar da jinin malamansu, hukuncin da suka fi yi shi ne kora zuwa nesa. Wanda ya san iyakar abin da za a yi masa kora ce, ya fi samun ƙarfin buɗe baki.

Sai dai kada a ɗauki korar nan wasa. A 1094 ɓangaren sababbin dokoki ya dawo mulki, shugabansu kuwa Zhang Dun ne, abokin Su Shi tun suna samari. Aka tura shi Huizhou a can kudu, ƙasar zazzaɓi. Ko a can bai zauna ba, ya sa hannu aka gina gadoji, ya ba gwamnan Guangzhou shawarar jawo ruwan sha daga dutse zuwa cikin birni da bututun gora. A Huizhou ne Zhaoyun, matar da ta bi shi duk wannan wahalar, ta rasu a 1096. Ɗan da ta haifa masa ya riga ya mutu yana jariri tun a hanyar barin Huangzhou. A 1097, yana da shekara sittin, aka ƙara tura shi gaba, ƙetaren teku zuwa tsibirin Hainan, inda a lokacin ake ganin wanda ya je ba ya dawowa. Cikin 'ya'yansa, Su Guo shi kaɗai ya raka shi. Da aka fitar da shi daga gidan gwamnatin da ya fara sauka, mutanen wurin suka taya shi gina bukka, yaran garin suka riƙa zuwa ɗaukar karatu.

Wannan ɓangaren ne nake jin nauyinsa idan na ce wa mutum ya karɓi muƙami ya tsaya a kan gaskiya, domin ba shi kaɗai zai biya ba, har da matarsa da 'ya'yansa da ba a yi shawara da su ba. Zan koma majalisa in gaya wa Yayanmu duk wannan, har da wannan ɗin, ba zan ɓoye ba.

A 1100 sabon sarki ya hau, aka yi masa afuwa. Yana kan hanyar dawowa arewa sai labari ya zo cewa an kori Zhang Dun shi ma zuwa kudu. Ɗan Zhang Dun ya rubuto masa cikin fargabar ramuwa. Su Shi, yana kwance ba lafiya, ya mayar masa da amsa cewa abin da ya wuce ya wuce, ya haɗa da shawarar magungunan da tsohon zai bukata a ƙasar zafi. Bai kai ga komawa wani ofis ba, ya rasu a Changzhou a 1101 yana da shekara 64.